Bin Sawu a Baƙin Daji: Kundin Shirin Tafiya, Maris zuwa Afrilu 2023

Asabar, 4 ga Maris

Niyyata ita ce a watan Mayu, in Allah ya kai mu, in taka yankin ƙarshe na hanyar Westweg da ƙafa, daga Hinterzarten in haura Feldberg da Belchen in gangara har birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Hanyar gaba ɗayanta kilomita 285 ce. Ta taso daga Pforzheim a arewa, ta ratsa dajin da Jamusawa ke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji, kuma tun 1900 aka shata ta. Ni koyon aikin jinya nake yi a nan birnin Freiburg na Jamus, aiki ne na karɓa-karɓa, hutun kwana 4 kawai zan iya haɗawa a jere. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na ware wata biyu in koya wa ƙafata da jikina.

Yau na yi fitar farko. Na hau Schlossberg daga bayan tsohon gari, na bi cikin daji har Roßkopf, tsaunin nan mai mita 737 da ake hango fankokin lantarki a kansa daga cikin gari. Zuwa da dawowa wayata ta ce kilomita 11.

Ruwan nan ba irin namu ba ne. A gida hadari zai haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya, a tsuge kamar da bakin ƙwarya, can an jima gari ya washe. Nan ba tsawa ba walƙiya, yayyafi ne siriri tun safe har dare, ba ka jin saukarsa sai dai ka ga ka jiƙe. A rediyo akan kira wannan lokaci bazara, amma ba abin da ya haɗa shi da bazarar da na sani. Itatuwa tsirara suke, ƙasa shimfiɗe da ruɓaɓɓen ganyen bara, sanyi kuma yana nan bai tafi ba. Wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai fita, to zai kai Mayu a ɗaki.

Kambas na saka da wandon jins. Kafin in kai rabin hanya yatsun ƙafata sun daina jin komai, wandon ya sha ruwa ya yi nauyi yana gugar cinyata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waiwaye. Awa 3 na yi a daji, kuma duk ƙarar reshe sai na juya, gabana na faɗuwa. Ni ɗan wajen Batsari ne, a bakin dajin Rugu na tashi. A can muka yi kiwo, muka tsinci kanya da ɗinya da magarya, yau kuwa sunan dajin ma ba a son ambata da dare. Wata tsohuwa ta zo wucewa ita kaɗai da karenta, ta gaishe ni ta yi gaba, ko a jikinta. Na tsaya ina kallon bayanta har ta ɓace.

Talata, 7 ga Maris

Sayayya bayan na tashi daga aikin safe. Takalmin hawan dutse mai rufe idon sawu, an yi rangwame, yuro 95. Safar ulu ƙafa biyu, 24. Taswirar takarda ta yankin Freiburg da Feldberg, 9. Rigar ruwa ta leda, 15. Jimla 143. Mai shagon ta ce in ɗauki takalmin da ya ɗara ƙafata kaɗan, domin ƙafa na kumbura a doguwar tafiya, kuma a gangare yatsu kan tokare gaba. Na bi shawararta. Ta kuma nuna mini wata rigar ruwa ta yuro 80, na ce wannan ta isa.

Asabar, 11 ga Maris

Tsaunin Schönberg, kudu da gari, kilomita 9. Ƙasar can yumɓu ce, tana manne wa takalmi har ka ji kamar ka ɗaura bulo. Na fara gane alamomin hanya: wata 'yar alama ce mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininta, ana manna ta a jikin itace. Rawaya ta ƙananan hanyoyi ce, shuɗiya ta masu haɗa yanki da yanki, ja a kan fari kuwa ita ce ta Westweg. Ƙungiyar Schwarzwaldverein, wadda aka kafa a nan Freiburg a 1864, ita ke kula da su, kuma yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne.

Sabon takalmi ya yi mini bororo a dunduniyar hagu.

Lahadi, 12 ga Maris

Ban fasa bororon ba. Filasta ta musamman, yuro 6. A wurin aiki da silifas mai buɗaɗɗen baya na yini.

Asabar, 18 ga Maris

Yau ake zaɓen gwamnoni a gida, amma na kashe intanet na bi Baba. Dattijo ne maƙwabcina, ya haura 70, a aikin gandun daji ya yi ritaya. Tun da na taɓa taya shi ɗaukar kwalaben ruwa zuwa bene muka saba. Na faɗa masa a wurinmu ba a kiran sa'an mahaifi da sunansa, ya ce to ya karɓi Baban.

Mun hau jirgin ƙasa mai bi ta Höllental. Sunan yana nufin Kwarin Wuta, tashar da ke bakinsa kuma Himmelreich, wato Aljanna. Muka sauka a Hinterzarten, muka gangara zuwa bakin kwazazzabon Ravenna, inda gadar jirgin ta ratsa sama a kan dogayen ginshiƙan dutse, tsawonta daga ƙasa ya haura mita 35. Daga nan hanya ta bi rafi zuwa sama, da matakalai da ƙananan gadojin katako. Rafin ya cika yana ruri, sai mun ɗaga murya muke jin juna.

A nan Baba ya koya mini taka ƙasa. Ya ce abu uku ne ke kayar da mutum a jiƙaƙƙen daji: saiwar itace, katako, da dutse mai gansakuka. Kada in ɗora ƙafa a kan saiwa, in taka tsakaninsu. A gangare in gajarta taku, in sassauta gwiwa, kada in jingina baya. Na lura shi ba ya sauri ko kaɗan, amma ba ya tsayawa, ni kuwa in yi gaba in tsaya haki ya zo ya wuce ni.

Da muka fito sama sai ya kai ni gindin wasu itatuwa biyu da ni a idona iri ɗaya ne. Ya ce in damƙi reshen kowanne. Na farko ya soke ni kamar ƙaya, wannan shi ne Fichte. Na biyu laushi gare shi, a bayan kowane siririn ganye akwai farin layi biyu, shi ne Tanne, wanda ya ce shi ne ɗan asalin wannan daji. Sannan ya ɓamɓaro ɓawon wani mataccen Fichte ya juya mini cikinsa. Zane ne reras kamar an yi rubutu a allo, layi ɗaya a tsakiya, ƙanana suna fita dama da hagu. Aikin wani ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, saboda zanen nan ma suke kiransa mai buga littafi. Itace mai ƙoshin ruwa yana fitar da ƙaro ya shaƙe ƙwaron tun yana huda. Wanda ƙishi ya kama ba shi da ƙaron da zai kare kansa. Tun farin 2018 itatuwa ke mutuwa a tsaye, gungu-gungu.

Na ce, "Baba, ashe ruwan nan da kowa ke kuka da shi a gari, ku murna kuke yi." Ya tara hannu, yayyafi na zuba a tafinsa, ya ce a bar shi ya yi ta yi har Mayu. Haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake tsayawa a ƙofar zaure ranar ruwan shuka. Daga wannan lokaci na daina jin haushin ruwan.

Kilomita 10. Dunduniya lafiya. Amma na lura rigar ledar nan tana tara zufa, cikina ya jiƙe duk da ruwa bai shiga ba.

Talata, 21 ga Maris

Allurar rigakafin ciwon da kaska ke sawa, mai taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan jiha ta Baden-Württemberg tana cikin wuraren da cutar ta fi yawa, kuma inshorar lafiya ce ta biya. Ta biyu bayan mako 2. Ɗaya ciwon na kaska, mai farawa da jan zobe a fata, ba shi da allura, sai dai duba jiki bayan kowace fita.

Alhamis, 23 ga Maris

An ɗauki azumi. Zan rage nisa, in riƙa fita da rana tsaka in dawo dab da shan ruwa.

Asabar, 25 ga Maris

Zan rubuta wannan dalla-dalla, domin yau na kusa jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina.

Abin da na rubuta shekaranjiya ban bi shi ba. Na ga azumin bai wahalar da ni ba, gari da sanyi ba ƙishi, sai na ce bari in gwada tsaunin Schauinsland, mita 1,284. Freiburg tana kan mita 278, ke nan hawan ya kai mita 1,000. Na koma barci bayan asuba, ban bar gida ba sai wajen 11. Na hau taram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 2 zuwa ƙarshensa a Günterstal, na kama hawa ta wajen Kybfelsen. A ƙasa yayyafi ne, ba wani sanyi. A jaka akwai dabino, filas na shayi da burodi don buɗa-baki, da taswira. A jikina singileti da riga ta auduga, sai rigar leda a sama.

Bayan na wuce Sohlacker na tarar an gitta ƙyalle a hanya, an rubuta ana sare itatuwa, akwai haɗari ga rai. Ranar Asabar ce, ban ji ƙarar zarto ba, amma ban tsallake ba, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi. Kuskuren shi ne abin da ya biyo baya. Maimakon in koma mararraba ta baya in duba allo, sai na ga wata faffaɗar hanya ta yi dama, da sawun tayar babbar mota, na ce ai za ta zagaya ta haɗe. Ba alama ko ɗaya a jikin itatuwanta, na gani, na ci gaba. Hanyar jan gungume ce. Ta yi ta rarrabuwa, laka har idon sawu, daga ƙarshe ta mutu a cikin tarin rassa.

Kafin nan hazo ya sauko. Itacen da ke taku 20 a gabana ba na ganinsa. Ruwan ya koma wani abu tsakanin ruwa da dusar ƙanƙara, iska na watsa mini shi a fuska. Duk mita 100 da mutum ya hau, zafin iska na raguwa da fiye da rabin digiri, na san wannan a takarda, yau na san shi a jikina. Da ina hawa zufa ta jiƙa audugar da ke jikina sharkaf, ledar ta hana ta fita. Da na tsaya neman hanya, sai jiƙaƙƙen kayan suka koma kamar an liƙa mini ƙanƙara a baya.

Na ciro waya in duba inda nake. Caji 31 ta nuna, ina buɗe taswira ta ɗauke. Sanyi ne ya kashe batirin. Na ciro ta takarda, ruwa ya jiƙa ta, ta fara yagewa a kan ninki, kuma taswira ba ta da amfani ga wanda bai san inda yake tsaye ba.

Sai rawar ɗari ta kama ni, haƙora na haɗuwa. Na zo jan zif ɗin jaka, yatsuna suka ƙi kamawa, sau uku ina gwadawa. Nan ne hankalina ya tashi da gaske, domin an koya mana wannan a aji: in zafin jiki ya fara sauka, rawar ɗari ce farko, sai hannu ya daina biyayya, sai tunani ya rikice, kuma mai shi ba ya sanin ya rikice. Ga ciki ba komai tun sahur. Ƙarfe 4 ta wuce a agogon hannuna, rana kuma kafin 7 za ta faɗi.

Na tsuguna a bayan wani gungume, na yi bismilla na karya azumin. Dabino 7, shayi rabin filas. Hawaye na zuba ina sha, azumi na uku ke nan. Na cire singiletin na matse na cusa a jaka, na mayar da sauran.

Da hannuna ya ɗan dawo sai na duba ƙasa. Sawuna ne a cikin laka, sabon takalmi mai zanen da ba ya ɓoyuwa, ruwa ya fara taruwa a ciki. Ina yaro in saniya ta ɓace, mahaifina ba ya bari mu bazu muna kira. Yakan ce a koma inda aka gan ta ƙarshe, a sunkuya. Na sunkuya na bi sawuna da baya, a kowace mararraba in tsaya sai na ga dunduniya da tsini sosai kafin in zaɓa. Wuri biyu ganye ya rufe ƙasa sawun ya ɓace, na yi ta kewaya a hankali har na sake tsinto shi. Kusan minti 40 kafin in ga ƙyallen nan ya fito daga cikin hazo.

Daga nan na koma allon mararraba. Kowane irin allon yana ɗauke da sunan wurin da tsawonsa daga teku, abin da mutum zai faɗa ke nan in ya kira 112, lambar agajin gaggawa. Na bar zancen ƙololuwa, na bi alamar da ta nuna gangare zuwa tashar ƙasa ta motar igiya mai kai mutane kan tsaunin, na sami bas mai lamba 21. Na shiga gida duhu ya yi.

Lahadi, 26 ga Maris

An tura agogo gaba da awa ɗaya, shan ruwa ya koma wajen 8 saura. Jiki duk ciwo, amma ba zazzaɓi. Na tambayi malamin da ke ja mana tarawihi, ya ce wanda ya ji tsoron halaka ya ci, ramuwa ce kawai a kansa, sannan ya yi mini faɗa a kan kai kaina inda zan buƙaci hakan. Na karɓa.

Baba ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya san inda na tafi? Ba kowa. Ya ce daga yau in riƙa zura masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa, da hanyar da zan bi da lokacin dawowa.

Da dare na kira Inna. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma ta ji muryata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, mu nan muna roƙon Allah ya raba mu da daji, kai kana can kana kai kanka? Me ka ajiye a ciki?" Na rasa amsa mai kyau. Gonarmu ta jikin daji damina uku ke nan ba a noma ta ba. Ƙannena ba su san gindin kanyar da muke hutawa ba, ba su taɓa kwana a gona ba. Na ce mata, "Inna, ina so in tuna yadda mutum ke tafiya a daji ba tare da yana sauraron ƙarar babur ba." Ta ce Allah ya tsare, ta sa na yi mata alkawarin ba zan ƙara hawa babban dutse da azumi a bakina ba.

Talata, 28 ga Maris

Araha ba ta ado. Na koma na sayi rigar ruwan nan ta yuro 80, mai barin zufa ta fita, da zif a hammata. Rigar ciki wadda ba auduga ba, 22. Batirin cajin waya na aljihu, 20. Fitilar goshi, 14. Wandon ruwa na gwanjo, 25. Jimla zuwa yau 310. Baba ya manne mini taswirar da salatif ya sa ta a ledar da ake zugewa. Waya kuma daga yanzu a aljihun ciki, jikin ƙirji, inda ɗumi yake.

Sharuɗɗan da na sa wa kaina har a sha ruwan Salla: kada in hau abin da ya fi Roßkopf tsawo, kada in wuce awa 3, kuma in na yi minti 10 ban ga alama ba in juya.

Juma'a, 31 ga Maris

Guguwa. Ban fita ba, gobe ma ba zan fita ba, domin rassan da iska ta karya suna rataye a sama kwana da kwanaki. A labarai an ce iskar ta kifar da jiragen ƙasa biyu a yankin Bern na Suwizalan. Hukumar yanayi ta Jamus kuma ta ce rabon da a sami Maris mai ruwa kamar wannan tun 2001. Baba ya zauna yana ba ni labarin guguwar Lothar ta 26 ga Disamba, 1999, yadda suka wayi gari tsaunuka sun yi kwance kamar gonar gero bayan iska, suka shekara suna kwashe gungume.

Talata, 4 ga Afrilu

Allura ta biyu. Bayan la'asar Schlossberg sau biyu, da jaka mai kilo 6.

Asabar, 8 ga Afrilu

Dajin ya canza cikin mako biyu. Na koma Schönberg da yamma, ruwa na sauka a hankali, tun daga nesa ƙamshin tafarnuwa ya tare ni. Ƙasa ta rufe da wani kore mai faɗin ganye, tafarnuwar daji ce, suna ce mata Bärlauch. Doka ta yarda mutum ya tsinki cikin hannu ɗaya don girkinsa, ban da wuraren da aka keɓe. Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa akwai ganyaye masu kama da ita da ke kisa, kuma shinshinawa ba ta isa ba, domin da ka murza na farko hannunka ya ɗauki ƙamshin, komai ka taɓa tafarnuwa zai yi. Sai an duba: kowane ganye da nasa siririn kara daga ƙasa, bayansa ba ya sheƙi. Ɗaya bayan ɗaya na tsinka, na kai masa ya duba kafin in yanka a wainar ƙwai. Da ita muka yi buɗa-baki, shi ma ya jira har aka sha ruwa.

A hanyar dawowa, kusa da wani ɗan rafi, na ga wata halitta a tsakiyar hanya, siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo ce. Baƙa wuluk tana sheƙi kamar an shafa mata mai, da ɗigo-ɗigon rawaya, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Tana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, ba ta damu da ni ba. Sai an yi ruwa take fitowa da rana, kuma a wannan lokaci ne matan ke gangarawa rafi su haihu. Na tsuguna har ta shige ƙarƙashin ganye. Sai da na miƙe na tuna tun shigowata dajin ban waiwaya ba.

Litinin, 10 ga Afrilu

Kaska a bayan gwiwa, ƙarama kamar ƙwayar riɗi. Na cire ta a hankali ba tare da na matse cikinta ba, na zagaye wurin da biro, na rubuta kwanan wata. Abin cirewa yuro 3. Daga yau ƙafar wando cikin safa.

Asabar, 15 ga Afrilu

Roßkopf, na sauko ta St. Ottilien. Sabuwar rigar ta yi, cikina a bushe. Sai dai gwiwar dama ta fara ciwo a gangare, ta gefen waje. Baba ya ara mini sandunan tafiyarsa guda biyu. Da na ɗauka kayan tsofaffi ne, amma makiyayi ma ba ya shiga daji ba sanda.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Salla. Allah ya maimaita mana. Wurin cizon kaska ba ja, ba zobe.

Litinin, 24 ga Afrilu

Na rama azumin 25 ga Maris.

Asabar, 29 ga Afrilu

Gwaji na gaske: zangon farko na tafiyar Mayu, da cikakkiyar jaka mai kilo 8. Takarda ta shiga ƙarƙashin ƙofar Baba tun 6 da rabi. Na sauka a Hinterzarten kafin 8, na kama jar alama.

A ƙasa itatuwan Buche sun fitar da sabon ganye, kore mai haske, da laushi kamar kunnen jariri. Ina hawa ganyen na ƙanƙancewa, can sama kuma ko toho babu, kamar ina komawa cikin Maris da ƙafata. Ruwa ya sauko sau biyu. Wannan karon tun kafin in yi zufa na buɗe zif, da na tsaya cin abinci kuma na ƙara riga tun ban ji sanyi ba. Kusa da ƙololuwa akwai ragowar dusar ƙanƙara a kwaruruka, ta yi datti ta yi tauri, sandunan suka yi mini rana. Yankin keɓaɓɓe ne, an hana barin hanya saboda wani babban tsuntsun daji mai kama da talo-talo da ya kusa ƙarewa, kuma yanzu ne lokacin barbararsa.

Feldberg, mita 1,493, babu inda ya fi shi tsawo a Baƙin Daji. Ba itace a kansa, fili ne da iska. An ce in gari ya washe ana hango tsaunukan Alps, ni hazo na tarar. Na sami gefen da iska ba ta bugawa, na shimfiɗa wandon ruwa na yi azahar. Na ɗauko wa Inna sautin wurin a waya, iska da ɗigar ruwa da kukan tsuntsu ɗaya. Da dare ta aiko da amsa, tana tambaya ko akwai itacen da ake cin 'ya'yansa a dajin, kuma wa yake kiwo a can.

Na gangara ta Stübenwasen zuwa Notschrei, na hau bas zuwa Kirchzarten. Waya ta ce kilomita 21, awa 7 da hutu, caji ya rage 58. Gwiwa ta yi magana a awa ta ƙarshe amma ba ta hana ni ba. Bororo babu.

Tsarin Mayu: Alhamis 18 ga wata ranar hutu ce, na haɗa da Juma'a da ƙarshen mako. Rana ta farko Hinterzarten zuwa Notschrei. Ta biyu in haye Belchen, mita 1,414, in kwana a gindinsa. Ta uku Blauen zuwa Kandern. Ta huɗu ta kangon fadar Rötteln zuwa tashar Badischer Bahnhof a Basel, inda hanyar ta ƙare. Ba a yarda a kafa tanti a daji haka kawai ba, don haka sai masauki, na ware yuro 200 na kwana 3, abinci 60. Tikitin wata na yuro 49 da zai fara aiki jibi ya ɗauke mini kuɗin jirgin zuwa da dawowa. Kayan da na saya zuwa yau 313.

Saura in kama ɗaki a Kandern, wurare biyu da na kira sun cika. Fasfo da katin zama su shiga leda ɗaya da taswira, tunda zan taka ƙasar Suwizalan. Takalmi yana buƙatar mai, ɗinkin gefen hagu ya fara shan ruwa. Gwiwa kuma zan nuna wa mai gashin ƙashi na wurin aikinmu ranar Laraba, in ya ce a rage nauyin jaka, filas na biyu ne zai fara fita.